Shekarar da Markawa Suka Ci Iri

A shekara ta goma sha ɗaya ta sarautar Tunau ɗan Gwanki, Sarkin Marke, darajar kuɗin wuri ta faɗi a kasuwar birnin. Mudun geron da ake saye wuri arba'in ya haura ɗari uku, daga baya ma masu hatsi suka daina karɓar wuri, sai dai a ba su gishiri ko ɗan akuya. Fatake suka fara ratsewa ta bayan ganuwa ba sa shiga gari. Marina suka rufe rabin karofinsu, masaƙa suka naɗe zare suka zauna. Duk wannan bai hana fada barci ba, don an sha ganin tsada ta zo ta wuce. Abin da ya ta da hankalin manya wata 'yar magana ce da ta fito daga bakin mata masussuka, wai kurciyoyi sun daina sauka a Rumbunan Tsime.

Rumbunan nan goma sha biyu ne, a jere gabas da fada, kowanne sai an kafa tsani ake kai bakinsa. Tun zamanin kakanni ake zuba musu hatsin ƙasa kowace kaka, ba a taɓa su sai shekarar wuya. Kuma akwai al'adar da ke tafe da su. In yunwa ta matsa, Magajin Rumbu yakan fito gaban jama'a ya danna tafin hannunsa a ɗanyen yumɓun da aka liƙe bakin kowane rumbu da shi, ya ce, "Cike yake." Daga ranar manomi na da ikon ya sauke irin shukar da ya rataye a ɗaki ya ba iyalinsa su ci, domin ranar da ruwan shuka ya sauka Sarki zai buɗe ya ba kowa iri. In kuwa Magaji bai sa hannu ba, ko 'ya'yan mutum na kukan yunwa a gabansa ba ya taɓa irin nan.

Kurciyoyi ba su yi ƙarya ba. Shekara biyu kafin nan Sarki Tunau ya ba fataken arewa hatsin rumbu tara, ya karɓi dawakai da sulke, don yana shirin yaƙar Birnin Tama, tsofaffin abokan gabarsa na ƙetaren gulbi. Aka yi yaƙin, aka dawo ba a ci ko ƙauye ɗaya ba. Sauran rumbu uku fada da barorinta suka lashe a hankali, sai kuma fari suka sauka suka cinye amfanin bara. Manyan fada kaɗai suka san rumbunan wayam suke, su da tsuntsaye.

Ranar wata Lahadi da hantsi Sarki ya tara majalisa a soron ciki, aka kori makaɗa da 'yan kallo, aka saki labule. Wanda ya fara magana shi ne Galadima Barmo, mutum mai kaifin harshe da tsoron talaka, wanda tun da aka haife shi bai taɓa riƙe fartanya ba.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin Zaki. Maganar da ake raɗa jiya, yau da ƙarfi ake yin ta. An jefi dogari da ƙwallon goruba a Ƙofar Marina, kuma ba wanda ya nuna wanda ya yi jifan. Yau ƙwallo ne, gobe dutse ne. Ina ba da shawara a bi unguwa-unguwa a karɓe baka da mashi, a kashe wutar maƙeru, a kirawo maharbanmu daga sansanonin iyaka a jera su a kan ganuwa da soraye, fuskarsu cikin gari. Kada mutum biyar su tsaya wuri ɗaya in ba a masallaci ba. Wanda kuma aka ji ya ambaci kurciya a kasuwa, a yi masa bulala goma."

Madawaki Jatau, shugaban yaƙin Marke, ya gyara zama. Tsoho ne mai tabon mashi a wuya, ba ya son doguwar magana. Ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara talatin ina jan rundunar gidan nan, ban taɓa juya baka cikin gari ba. Mutanen nan tuwo suke nema, ba kan kowa ba. In aka kwashe maharba daga iyaka, wa zai tsare mashigin gulbi?"

Galadima ya ce, "Tamawa na can ƙetare, Madawaki. Talakawa kuwa ga su a bakin ƙofa."

Sarki ya ɗaga hannu, kowa ya yi shiru. Ya ce, "Mun ji ku duka. Mun riga mun tura madugu kudu da dawakan nan da suka jawo mana wannan, ya musanyo su da hatsi. Kwana arba'in zai dawo. Malamanmu sun duba, sun ce ruwan shuka sai bayan kwana sittin. Abin da muke bukata gari ya kwanta kwana arba'in kawai. A yi abin da Galadima ya ce. Amma baka ba ya cika ciki, don haka muna son hannun Magaji."

Idanu suka koma kan Nomau, Magajin Rumbu, wanda ke zaune can kusa da ƙofa. Ya haura shekara sittin, gajere ne mai faɗin tafi, kuma shi ne na takwas a gidansu da ya riƙe wannan sarauta. A Marke in ana gardama aka rasa mai raba ta, akan ce a je a tambayi Nomau. Ya faɗi ya yi gaisuwa.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara. Hannun nan ba nawa ba ne ni kaɗai. Mutum bakwai suka danna shi kafin ni, ba wanda ya danna a kan iska. In na ce cike yake, kafin la'asar mata za su sauke iri su zuba a turmi. Wanda ya ci irinsa ya ci damina mai zuwa. In muka gaya musu gaskiya yau, za su yi kuka, wataƙila su zage mu, amma za su shiga daji su ci tafasa da gujiyar dawa su riƙe irinsu. Ina roƙon Zaki ya bar ni in faɗa musu da bakina, in jifa ne a jefe ni."

Galadima ya yi dariya. "A jefe ka? Kai wane ne? Fada za su ƙona. Kuma in suka taso, maharban nan za su yi aikinsu, jinin da aka zubar a kasuwa yana wuyanka."

Sarki ya dubi Nomau ya sassauta murya, kuma wannan sassaucin ya fi tsawar Galadima illa. Ya ce, "Magaji, ba mu ce ka yi ƙarya ba. Cewa muka yi ka riga gaskiya da kwana arba'in. Ranar da ayari ya iso za mu cika rumbunan, ba wanda zai sani, ba wanda zai cutu. Ko ba ka yarda da maganarmu ba ne?"

Na so a ce takobi aka ɗora masa a wuya. Da haka ne da labarin ya fi sauƙin faɗa. Ba a zare masa komai ba, alkyabba ma aka yafa masa. Yana tsoron ganin jini a kasuwa, yana kuma tsoron a tuɓe rawanin da ya gada, kuma har ya mutu bai iya raba wane tsoro ne ya fi nauyi ba a ranar. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na yarda, ranka ya daɗe." Madawaki ya tashi ya yi sallama bai dubi kowa ba.

Saura matsala ɗaya. Kafin Magaji ya sa hannu, al'ada ce dattawan unguwanni su ƙwanƙwasa cikin kowane rumbu da taɓarya. Rumbun da ba komai yakan yi amo kamar ganga, cikakke kuwa yakan amsa a toshe. Galadima ne ya samo dabara, kuma ya yi alfahari da ita. Aka yi shela za a yi wa rumbunan sabon yaɓe, bayin fada suka yi kwana shida suna jidar yashi daga rafi da rana tsaka, kowa na gani, ba wanda ya kawo komai a ransa. Aka cika rumbunan da yashi har wuya, aka kankare ɗan geron da ya saura a fada aka shimfiɗa a sama, kaurinsa bai wuce kamu ɗaya ba.

A cikin kwanakin nan shida dogarai suka bi gida-gida. Suka karɓe baka da mashi, har da barandamin mahauta da gatarin masu itace, aka tsibe su a farfajiyar fada. Maƙera suka kashe wuta a daidai lokacin da ya kamata su fara gyaran garma. Maharba dubu da ɗari biyu suka bar iyaka suka shigo birni, aka jera su a kan ganuwa, suna kallon ƙofofin gidajen iyayensu. An yi wa wani mai tallan tsuntsaye bulala goma don ya faɗi sunan abin da yake sayarwa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka taru a gaban rumbunan. Dattawa suka ƙwanƙwasa, kowane rumbu ya amsa a toshe. Aka hau da mutum biyu suka leƙa, suka ga gero, suka sauko suna hamdala, aka liƙe bakunan da ɗanyen yumɓu. Nomau ya hau tsani a cikin sabuwar alkyabbarsa, ya danna tafinsa a yumɓu, ya ce, "Cike yake." Sau goma sha biyu ya hau, sau goma sha biyu ya faɗa. A na ƙarshe muryarsa ta dushe, mutane suka ɗauka gajiya ce.

Da ya sauko sai wata tsohuwa ta tare shi. Tabawa ke nan, uwar masussukan Marke, wadda ta yi sussuka kafaɗa da kafaɗa da mahaifiyar Nomau, kuma daga bakinta maganar kurciyoyi ta fara fita. Ta durƙusa ta ce, "Magaji, ka yafe mini. Ni na ɓata maka suna da surutun tsufa. Jikokina tara, kwana uku ke nan ruwan zafi da kanwa nake ba su. Yanzu dai mu ci irin?"

Nomau ya dubi maharban da ke kan ganuwa, ya dubi Galadima. Ya ce, "Ku ci, Inna."

Kafin rana ta faɗi luguden turame ya cika Birnin Marke. Hayaƙi ya tashi a gidajen da suka yi mako ba su hura wuta ba, yara suka fito wasa, mata suka yi ta sa wa Magaji albarka. Ƙauyuka ma da labari ya kai musu suka sauke nasu. Gari ya kwanta lafiya lau, kamar yadda Sarki ya so. Mai hankali zai ce to a mayar da maharba iyaka. Galadima ya ƙi, don wanda ya san abin da ke cikin rumbu ba ya ganin murmushin talaka ya sami natsuwa. Nomau kuwa ya daina bi ta cikin unguwanni, saboda ko'ina ya ratsa sai an fito an gode masa.

A kwana na talatin da uku manzon madugu ya iso a guje, dokinsa na kumfa. Aka shigar da shi majalisa ko ƙafa bai wanke ba. Ya faɗi ya ce, "Allah ya ja zamaninka. Ayari na tafe, jakuna ɗari takwas, mangala cike da gero da dawa. Jibi da safe za su ƙetare Mashigin Kada. Amma Sarkin Tama ya sani. Da ya ga sansanoninmu ba kowa sai ya tura 'yan leƙen asiri su gano dalili, suka gano. Rundunarsa na kwance cikin kyauron bakin gulbi. Madugu ya ce in ba a tare shi da ƙarfi ba, ko mudu ɗaya ba zai iso ba."

Madawaki Jatau ya miƙe tsaye. "Ranka ya daɗe, a ba ni maharba dubu yanzu. Rayuwar ƙasar nan na kan bayan jakunan nan."

Galadima ya ce, "A kwashe ganuwa? In talakawa suka ga runduna ta fita a guje don taryar hatsi, za su tambayi kansu me ya sa mai rumbu goma sha biyu yake gudu a kan jakuna. Ranar za su fasa rumbu su duba, ba kuwa mai hana su."

Nomau ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mutanen nan ba su da ko gatari. Sun ƙoshi, suna yi mana addu'a. Ba sa bukatar mai tsaro. A ba Madawaki abin da ya nema, ina roƙo don girman Allah."

Sarki ya daɗe yana murza gemu. Ya saba in shawara biyu ta zo masa ya raba tsakani, yana ganin adalci ke nan, sai dai wannan karon ko rabawar bai yi daidai ba. Ya ce, "Madawaki ya ɗauki ɗari biyu, da mahaya hamsin. Ya fita ta Ƙofar Yamma kamar mai zuwa farauta."

Madawaki ya ce, "Na ji, na bi." Da ya zo wucewa ta gaban Nomau ya tsaya ya ce a hankali, "Kai da ni mun san gaskiya tun ran farko, Magaji. Ni na yi shiru na fita, kai ka sa hannu. Ban san wanda ya fi wani ba."

Da hantsin rana ta uku jakuna suka shiga Mashigin Kada. Ruwa ya janye, bai wuce gwiwa ba. Madawaki ya jera maharbansa a gaɓar Marke, ya bar rabin ayari ya kai tsakiyar gulbi lafiya. Nan Tamawa suka busa ƙaho. Suka fito daga kyauro ta sama da ta ƙasa, sun fi dubu biyu, mahayansu kuma suka datse bayan ayari. Jakuna suka firgita suka cakuɗe, wasu suka zube da mangala cikin ruwa. Maharban Marke suka yi harbi irin na waɗanda suka san abin da ke cikin buhunan, sau uku Tamawa na hawa gaɓa ana mayar da su. Wajen azahar kwari ya ƙare, kowa ya laluba bayansa ya ji wayam. Madawaki ya zare takobi ya shiga ruwa da mahayansa hamsin, ya kutsa har ya kama ragamar jakin gaba ya fara ja. A nan mashi ya same shi.

Mutum goma sha tara suka komo Marke. Babbansu, wani tsohon maharbi mai karyayyen hannu, ya durƙusa a gaban Sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, hatsi ya tafi Tama, duka. Madawaki ya rasu. Kafin ya cika ya ce in gaya maka, da ɗari biyar aka ba shi da ya kawo maka kayanka." Sarki ya rufe fuska da hannun riga. Galadima ya umarta a tsare mutanen nan a fada kada su yi magana da kowa, a kuma hana gidan Madawaki kuka da ƙarfi.

Kwana shida bayan haka hadari ya haɗo daga gabas. Malaman fada suka ce iska ce za ta watse. Ba ta watse ba. Ruwa ya sauka tun sassafe kamar da bakin ƙwarya, har ƙasa ta jiƙu kamu biyu, ruwan shuka sosai wanda ba mai gardama a kansa. Gari ya ɗauki guɗa. Kafin rana ta ɗaga, maza da mata sun cika filin rumbuna, na birni da na ƙauye, kowa da ƙwaryarsa ko taikinsa, suna raha suna jiran a buɗe.

A soron ciki majalisa ta zauna, wurin Madawaki ba kowa. Galadima ya ce, "A aika sankira ya ce wannan ba ruwan shuka ba ne, a jira na biyu. In suka ƙi watsewa, Sarkin Baka ya san aikinsa. Ko kuma, Allah ya ja zamaninka, a ce Magaji ne ya sace hatsin. Hannunsa ne a kan yumɓu, ba na kowa ba."

Sarki bai ce i ba, bai ce a'a ba. Nomau ya jira ya ji ko wanda ya yi masa alkawarin kwana arba'in zai buɗe baki. Da ya ga ba zai buɗe ba, sai ya tuɓe alkyabbar ya ninke ya ajiye a gaban Sarki, ya tashi bai nemi izini ba. A farfajiya ya ciro gatari ɗaya daga tsibin makaman da aka karɓe wa mutane, ya fita.

Jama'a na ganinsa suka ɗau kirari, aka buɗa masa hanya. Bai nufi tsani ba. Ya tsaya a gindin rumbu na farko, ya ɗaga gatari ya sari cikinsa, ya ƙara, ya ƙara. Bango ya ɓalle, yashi ya kwararo har ya binne masa ƙafafu. Guɗa ta tsaya. Wani manomi ya matso ya ɗebi yashin ya murza a tafinsa, kamar mai fatan idonsa ne ya yaudare shi.

Wani dattijo daga cikin waɗanda suka ƙwanƙwasa ya ce, "Sauran fa, Magaji?"

Nomau ya ce, "Duka. Tun ranar da na sa hannu haka suke, kuma na sani. Hatsin da za a cika su da shi yana hannun Tamawa. Madawaki ya mutu a kansa. Ba ni da iri ko na shuka ɗaya da zan ba ku."

Galadima ya fito kan soro ya daka tsawa, maharba suka ɗana kibau. Wannan ce ranar da aka yi kwana arba'in ana shiri dominta, aka kwashe iyaka, aka kashe wutar maƙeru. Maharban suka ja baka suna jiran wanda zai ɗauki dutse. Ba wanda ya ɗauka. Ba ihu, ba zagi. Dubban mutane na tsaye da ƙorai a hannu, ruwa na ɗiga daga bakin rumbuna, ba ka jin komai sai kukan wani jariri. Maharban nan ma gidajensu sun ci iri. Ɗaya bayan ɗaya suka sassauta tsirkiya, wasu suka zauna a kan ganuwa suka kifa kai a gwiwa.

Ana cikin haka magana ta shigo daga Ƙofar Yamma, ta bi taron baki-baki. Sarkin Tama ya aiko manzo ya tsaya a wajen ganuwa yana shela: an zube hatsi a gaɓar Tama ta Mashigin Kada, duk Bamarken da ya ƙetaro da iyalinsa za a ba shi iri da gona, ya yi shuka kafin ƙasa ta bushe. Ba wanda ya yi shawara da wani. Mutane suka juya suka nufi gidajensu don ɗaure kaya, ba gudu, ba hayaniya. Sarkin Ƙofa ya aiko fada sau uku yana tambaya ko ya rufe, ba a ba shi amsa ba.

Fili ya watse, sai Nomau a tsaye cikin yashi da gatari a hannu. Tabawa ce ta rage. Ta tako a hankali da sandarta, ƙwaryarta a hammata, ta tsaya gabansa. Bai iya ɗaga ido ba.

Ta ce, "Ban zo zaginka ba, ɗan nan. Tafiya ce a gabana, da jikoki tara, ƙarfina ba zai kai ga zagi ba. Abu ɗaya nake so in sani kafin in bar garin da aka binne uwata. Ranar da ka ce mini mu ci, gidanka sun ci nasu?"

Da Nomau zai iya ƙara ƙarya ɗaya da ya ƙara, amma ta ƙare masa.

Ya ce, "Ba su ci ba, Inna. Na hana su."

Tabawa ta gyaɗa kai. Ta ce, "To, Allah ya ba da damina mai albarka." Ta juya ta tafi.

Kafin kwana bakwai kashi biyu cikin uku na Markawa sun ƙetare gulbi, maharba da yawa suka bi iyayensu. Galadima Barmo ya sulale arewa da dawakinsa. A rana ta takwas Sarki Tunau ya aika wa Sarkin Tama tamburan sarautar Marke a kan raƙumi, ba a harba kibiya ko ɗaya a ganuwar birnin ba. A daminar nan gona ɗaya ce ta tsira a gabashin gari, ta yi kyau kuwa, gero ya fi mutum tsawo. Waɗanda suka rage a birnin suna wucewa ta gefenta da yunwarsu, ba wanda ya karyi zangarniya ɗaya, ba kuma wanda ya yi wa mai ita sannu da aiki. Daga gonar nan kakannina suka ci suka rayu, don Nomau kakan kakana ne.